Ban karanta zane ba, shin makarantar dizayin ta ayyukan al'umma za ta ɗauke ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Argungu ce. Na yi digiri a fannin nazarin zamantakewar al'umma, na gama hidimar ƙasa, yanzu ina aikin sa kai a wani ƙaramin asibiti, ɓangaren rigakafin yara. Ni nake haɗa musu takardun sanarwa da fastoci a waya. Na ji akwai makarantu a waje da ke koyar da dizayin don magance matsalolin jama'a, kuma raina ya biya ƙwarai. Amma duk wadda na duba sai na ga suna neman kundin ayyuka, ni kuwa ban taɓa karanta zane ba. Ina da dama kuwa? Me zan sa a kundin? Sannan mu ba masu hali ba ne."

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyinki uku ne a dunƙule: ko za a karɓi wadda ba ta fito daga sashen zane ba, me ake sawa a kundin ayyuka, da kuma yadda za a yi da kuɗi. Ta farko amsarta e, kina da dama, kuma damar ba ƙarama ba ce. Ta biyu ita ce inda yawancin yaranmu suke faɗuwa, a nan zan fi daɗewa. Ta uku kuwa ita ce za ta yanke miki makarantar da za ki nema, ba sha'awarki ba, don haka kada ki bar ta sai ƙarshe kamar yadda kika sa ta a wasiƙarki.

Abin da waɗannan makarantu suke koyarwa

Dizayin da muka saba gani a nan shi ne na katin biki, tambarin shago, fosta, ko ɗinkin tufafi. Wannan reshe da kike nema ya ɗauki hanyar aikin mai zane, wato lura, gwadawa da gyarawa, ya kai ta wuraren da a da sai likita da injiniya da jami'in gwamnati ne ke shiga: yadda mace za ta bi layi a asibiti, yadda manomi zai adana amfaninsa, yadda yaro zai samu ruwa mai tsabta. Abin da ake ƙerawa zai iya zama kaya na riƙewa a hannu, ko manhaja, ko fom, ko ma tsarin yadda ake gudanar da wata hidima daga ƙofar shiga har fita.

Misalin da nake fara bai wa kowa namu ne. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafi, sai abin da ke ciki ya yi sanyi. Ɗata da tumatir da kan yamutse cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai makonni, ba wuta ba janareta. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Hikimar sanyaya abu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ta daɗe, duk wanda ya sha ruwan randa ya san ta. Abin da ya yi na dizayin shi ne ya ga wa ke asara, ya yi aiki da maginan tukwane na ƙauye, ya tsayar da abin a farashin da talaka zai iya, sannan ya nemi hanyar da labarin zai isa gidaje.

Ga kuma akasin haka. Akwai wani famfo da aka ƙera a Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, lilo ne mai juyawa, yara na wasa a kai ruwa na hawa tanki. A 2006 manyan masu ba da agaji na Amurka suka zuba masa miliyoyin daloli. Da aka kafa shi a ƙauyuka, har da na Mozambik, sai ya bayyana yara ba sa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, mata ne suka koma tura lilon da ƙarfinsu, ga shi ya fi famfon tuƙa-tuƙa tsada, in ya lalace kuma ba mai gyara a kusa. Makarantun da kike nema sun ginu ne a kan tsoron irin wannan kuskure. Idan kika gane haka, kin gane abin da suke dubawa a takardun mai nema: shin wannan mutum zai saurari jama'a kafin ya ƙera musu abu, ko kuwa zai zo da maganinsa a aljihu yana neman mai ciwo?

Kusan duk shirye-shiryen na digiri na biyu ne. A Ingila akwai Royal College of Art, wadda ba ta da ɗaliban digirin farko sam, tana da shirin tsara hidimomi, akwai kuma London College of Communication mai shiri kan dizayin don sauyin al'umma da ɗorewar muhalli. A Holan akwai Design Academy Eindhoven da shirinta na dizayin al'umma. A Finland akwai Jami'ar Aalto, a Italiya Politecnico di Milano, inda Ezio Manzini ya assasa ƙawancen makarantu mai suna DESIS a kan wannan fanni, a Jamus kuma akwai makarantar dizayin ta birnin Kolon. A Amurka an san Parsons da School of Visual Arts a New York da MICA a Baltimore da wannan aiki. A nahiyarmu Jami'ar Cape Town tana da cibiyar koyar da tunanin dizayin mai gajerun kwasa-kwasai. Shirye-shirye sukan sauya suna ko a dakatar da su, saboda haka shafin makarantar na wannan shekara shi ne hujjarki, ba maganata ba.

Batun rashin digirin zane

Yawancin waɗannan shirye-shirye da gangan suke haɗa ajin: mai zane, ma'aikaciyar jinya, injiniya, ɗan jarida, mai nazarin al'umma. Dalilin a fili yake, rabin aikin bincike ne a cikin mutane, kuma wanda aka koya wa yadda ake tambaya da saurare ya riga ya mallaki abin da ɗalibin zane zai sha wuya kafin ya koya. Mariam Issoufou, 'yar Nijar ɗin da ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin Dandaji ɗakin karatu suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, ilimin kwamfuta ta fara karantawa, ta yi shekaru tana aikin manhaja kafin ta koma karatun zanen gine-gine. Dandaji garin Hausawa ne, ba wata duniya ba.

Sai dai makarantun ba ɗaya suke ba. Wasu, musamman a nahiyar Turai, suna sharɗanta digirin farko a dizayin ko abin da ya yi kusa da shi, kuma ba sa sassauci. Wasu za su rubuta cewa suna maraba da kowane fanni in dai akwai gogewar aiki. Kada ki ɓata kuɗin fom a kan ta farkon. In kalmomin sun yi miki harshen damo, rubuta wa shugaban shirin gajeren saƙo, layi biyar ya isa: ga abin da na karanta, ga aikin da nake yi, shin na cancanci nema? Sukan amsa, kuma sau da yawa amsar tana ɗauke da abin da ba a rubuta a shafi ba.

Kundin ayyuka

To, ga inda gizo ke saƙa. Cikin kundayen da matasa daga Kebbi da Sakkwato da Zamfara suke turo mini in duba, mafi yawa iri biyu ne. Na farko fastoci ne zalla, shafi ashirin na sanarwar taro da gaisuwar sallah da tambarin ƙungiya. Na biyu kuwa hotuna ne na mai kundin sanye da rigar ƙungiya yana miƙa wa marayu buhun shinkafa. Na farkon ya nuna ka iya manhaja, na biyun ya nuna kana da tausayi. Babu wanda ya nuna yadda kake tunani, alhali shi ake saye.

Abin da mai dubawa yake so ya bi da ido shi ne tafiya: me kika lura da shi, wa kika tambaya, me kika zata da farko, me kika ƙera, da aka gwada me ya faru, me kika sauya. Ayyuka uku ko huɗu sun isa, kuma ɗaya daga ciki ya kamata ya zama mai zurfi har ya cinye kusan rabin shafukan. Zane-zanen hannu marasa kyau, hoton littafinki na rubutu, samfurin kwali da aka liƙe da gam, duk su shiga. Wanda ya ɓoye waɗannan ya nuna gogaggen sakamako kawai, ya ɓoye hujjarsa ne.

Ke kuwa aikinki na nan a gabanki kullum, kina wucewa ta kansa. Ɗauki katin rigakafi. Cikin ranakun da jadawalin ya ce a kawo jariri akwai ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9. Kowa a asibiti ya san iyaye mata da yawa suna zuwa na farko da na biyu, daga nan a neme su a rasa, kuma amsar da ake bayarwa a taro ita ce jahilci ko ƙin allura. Ki ajiye wannan amsa gefe, ki bi mata goma zuwa gidajensu. Ki roƙi kowace ta nuna miki inda katin yake. Wata za ta ɗaga katifa, wata za ta sauke jeren kwanoni ta ciro shi daga ƙasan na can ciki, a naɗe cikin leda tare da katin zaɓe, wata za ta ce yana wurin maigida. Ki dubi ranar da ma'aikaciya ta rubuta da biro: lambobi ne na kalandar bature, ita kuwa mai katin da watan Musulunci da ranar kasuwa take lissafi, wataƙila ma ajami take karantawa ba boko ba. Ki tambaye ta wa ke ba da izinin fita, nawa ɗan acaɓa ke karɓa, awa nawa ta yi a benci wancan zuwan, ko yaron ya yi zazzaɓi bayan allura kuma me uwar miji ta ce. Kafin ki gama gida na goma za ki ga matsalar ta rabu gida huɗu ko biyar, kowanne da maganinsa daban.

Sannan ki zaɓi ɗaya kawai. A ce mantuwar rana. Ki gwada abubuwa masu arha: zare mai ƙulli da za a warware ɗaya duk Juma'a, ko 'yar takarda mai hoton ranakun kasuwa da za a liƙa a bayan ƙofa, ko saƙon murya da Hausa zuwa wayar maigida ana gobe, tunda shi ke riƙe da wayar kuma shi ke ba da kuɗin mashin. Ki bai wa mata biyar wannan, biyar wancan, da sanin shugabar sashenku. Bayan wata ɗaya ki koma. Wataƙila ki tarar yara sun mayar da zaren abin wasa, wataƙila wani maigida ya ji haushin a ce baƙuwar murya ce ke tuna masa da ɗansa, sai ki gane da liman ko ungozoma ce ta yi maganar da ya karɓa. Duk wannan shi ne kundin. Ko da abin bai yi aiki ba, shafin da kika rubuta dalilin rashin aikinsa ya fi fosta ashirin daraja a wurinsu.

Wani saurayi daga wajen Aliero ya taɓa kawo mini aikinsa a kan rumbun albasa. Ya ga yadda albasa ke ruɓewa a rumbunan kara kafin farashi ya tashi, sai ya zana rumbu mai dogayen ƙafafu na ƙarfe da raga a ƙasa don iska ta ratsa. Zanen ya yi kyau, har da launi. Na tambaye shi wane manomi ya gani, ya ce ba kowa tukuna. Da ya kai wa wani dattijo, mutumin ya juya takardar sama da ƙasa ya ce: "Wanga abu na da kyau, amma wa za shi kwana gadin ƙarfen?" Sannan ya ja shi zuwa rumbunsa, ya cusa hannu har gwiwar hannu cikin albasar, ya zaro guda ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya ce daga nan ruɓa ke farawa, in ba a bar ta ta sha iska wuyan ya bushe kafin a zuba ba, ko rumbun zinariya aka yi mata sai ta ruɓe. Yaron ya watsar da ƙarfe, ya koma kan itace da kara, ya kuma mayar da rabin aikinsa kan shanyar kafin zubi. A kundinsa na ƙarshe zanen farkon yana nan, da maganar dattijon a rubuce a ƙarƙashinsa da Hausa da fassararta. Wannan shafi ne kowa ya fi tsayawa a kai.

Kina da wata dama da shi bai da ita, da ma duk wani Bature mai bincike: ke mace ce, gidan da aka rubuta "ba shiga" ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki. Amma wannan amana ce. Ki nemi izinin maigida da na matar kanta, ki faɗa musu ƙarara cewa abin zai je makaranta a ƙasar waje. Kada ki ɗauki fuska in ba dole ba. Hoton hannu riƙe da kati, ko na kwanon da katin ke ciki, ya isar. Ki rufe suna da lambar da ke jikin katin. Waɗannan makarantu suna lura da haka ƙwarai, kuma hoton yaro mara lafiya da aka ɗauka don ya ba da tausayi zai iya jawo a ajiye kundinki. Haka nan kada neman abin sawa a kundi ya kai ki ƙauyen da hanyarsa ba lafiya. Unguwarku ta ishe ki.

Fastocin da kike yi fa? Ki zaɓi biyu ko uku mafi kyau ki sa a ƙarshe, su nuna hannunki. In kina so su ƙara nauyi, ki ɗauki ɗaya ki nuna wa matan da ke benci ba tare da kin karanta musu ba, ki tambaye su me suka fahimta. Amsar za ta iya ba ki kunya, amma gyaran da za ki yi bayanta aiki ne na biyu a kundin.

Ta fuskar tsari: fayil ɗin PDF, shafi a kwance don a allo za a duba, rubutu kaɗan hoto da yawa, kowane aiki ya fara da layi biyu da ke faɗin matsalar da rawar da ke kanki kika taka. In aikin na ƙungiya ne ki faɗi haka. Ki bi iyakar shafuka da nauyin fayil da kowace makaranta ta gindaya. Wasu makarantun Ingila suna neman ɗan bidiyo na minti biyu ko uku kina magana. Waya da hasken taga sun isa, ki dai zaɓi lokacin da janaretan maƙwabta yake kashe.

Wasiƙar bayanin kai

A nan ma cuta ɗaya ce ke damun mutanenmu: buɗewa da cewa Arewa ta fi ko'ina talauci, yara kaza ba sa makaranta, ni kuma ina so in ceto al'ummata. Mai karantawa ya ga irin wannan daga ƙasashe hamsin. Talaucin jiharku ba cancantarki ba ne. Ki buɗe da abin da kika gani da idonki wanda shi ba zai samu a rahoto ba, ki faɗi inda iliminki ya tsaya har kike buƙatar makaranta, ki ambaci darasi ko malami ko cibiya ta wannan makarantar da ta dace da tambayarki, sannan ki faɗi inda za ki koma da abin.

In za ki kawo babbar matsala ta yankinmu, ki kawo ta yadda mai dizayin zai gan ta. Gubar dalma ta 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta kashe yara sama da 400. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana dakawa, ana niƙa shi da injin irin na hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi magani, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa an zuba sabuwa, garin Bagega sai 2013 aka samu yi masa. Amma cewa mutane su daina haƙa bai taɓa aiki ba, don abincinsu ne. Tambayoyin da suka rage na dizayin ne: yaya za a fitar da niƙa daga cikin gida, yaya za a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta ba tare da an rage wa mai niƙa riba ba, ina mahaƙi zai yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Haka hatsarin jirgin ruwa na Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021: bayan ta'aziyya, me ya sa fasinja ba ya sa rigar ceto ko an ba shi, wa ke ƙirga lodi a bakin ruwa, kuma me zai ci in ya hana? Mai neman da ya iya juya masifa ta zama irin waɗannan tambayoyi, ya riga ya fara karatun.

Kada ki bari manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta miki wasiƙar. Gyaran Turanci daban, rubutawa daban. A ganawar da za a yi da ke ta bidiyo za a ɗauko jimla daga ciki a ce ki faɗaɗa.

Sauran takardu ba su da wuyar fahimta, jinkiri ne matsalarsu. Takardar cikakken sakamako daga jami'a ki fara nemanta tun yanzu, don takan ci watanni. Fasfo ma haka. Masu ba ki shaida mutum biyu: malami ɗaya da ya san ki da gaske, da shugabarki a asibiti, shaidar wadda ta ga aikinki ta fi ta babban mutum da bai san sunanki ba. Jarrabawar Turanci ta IELTS galibi maki 6.5 ake nema, wasu jami'o'in Ingila kuma suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadinta, ki tambaya kafin ki biya.

Kuɗi

A Landan kuɗin makaranta kaɗai ga ɗalibin waje yakan haura fam 25,000 a shekara, ban da haya da abinci, makarantun zane masu zaman kansu na Amurka kuma sun fi haka. Rangwamen da makaranta kan bayar na kashi ashirin ko talatin ba ya amfanar mai irin halinmu, don ragowar ma ta fi ƙarfin gida. Na ga waɗanda suka samu gurbi, aka yi murna aka raba goro, sannan takardar ta tsufa a akwati. Don haka ki fara da tallafi, sai ki nemi makarantar da tallafin yake biya.

Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan komai na digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana neman gogewar aiki ta sa'o'i 2,800, kimanin shekara biyu ke nan, kuma aikin sa kai yana shiga lissafi, saboda haka ki riƙa ajiye shaidar ranakun da kike zuwa asibitin. Yakan buɗe a watan Agusta ya rufe wajen Oktoba ko farkon Nuwamba, za ki zaɓi kwasa-kwasai uku, kuma sharaɗi ne ki dawo gida na shekara biyu bayan kammalawa. Akwai tallafin Commonwealth, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da DAAD na Jamus, da shirin Gidauniyar Mastercard a wasu jami'o'i. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma biza na buƙatar a ajiye sama da Yuro 11,000 a asusu na musamman don ciyar da kai na shekara. A Italiya kuɗin makaranta da tallafin larduna suna bin ƙarfin samun iyali ne, abin da ke taimakon talaka, sai dai takardun da ake nema suna da yawa. Idan akwai maganar aure a gabanki, ki sani tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, tafiya da iyali, in ban da 'yan rukunai kaɗan kamar masu tallafin gwamnati. Wannan magana ce da za a yi a gida da wuri, tare da ta amincewar Baba, kada ta taso bayan gurbi ya fito.

Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki gurbi da tallafi, ki riƙe kuɗinki. Fom ɗin nan duka da kanki za ki cike.

Ko dole ne a fita?

A ra'ayina ba dole ba ne, kuma ba kowa ne fitar ke yi wa amfani ba. Abin da makarantar waje take bayarwa da ke da wuyar samu a nan shi ne suka mai tsanani a kan aikinki duk mako, da abokan aji daga fannoni daban-daban, da takardar da manyan ƙungiyoyi ke girmamawa. Hanyar aikin kanta kuwa ba asiri ba ce, ƙungiyar IDEO.org ta saka jagorarta kyauta a intanet. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen dizayin na masana'antu mai rassan zanen hoto da yadi da tukwane da gilashi, kuma akwai irinsa a Bauchi da Akure. Ƙarfinsu ya fi karkata ga sana'ar hannu da kayan aiki fiye da binciken al'umma, amma ga wadda hannu ne ya rage mata, wannan ba aibu ba ne. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: wasu shirye-shiryen na Turai sun fi son nazari da baje koli a gidan nune-nune fiye da abin da zai yi aiki a asibitin karkara. Ki duba ayyukan kammalawa na ɗalibansu na shekara biyu da suka wuce. In ba ki ga ko ɗaya da za ki so a ce ke kika yi ba, ki wuce, komai girman sunan.

Iyakata a nan ita ce ni mai duba kundi ne da shirya masu nema, ban taɓa zama a kwamitin da ke yanke hukunci ba, kuma na ga kundi mai kyau da aka ƙi, na ga matsakaici da aka karɓa saboda ajin wannan shekarar yana buƙatar irin mai shi. Shi ya sa nake cewa a nemi huɗu ko biyar, kada a rataya rai a kan guda.

Da ni ne ke, ba zan nema bana ba. Zan ba aikin katin rigakafi wata huɗu zuwa shida, in ƙara ƙaramin aiki ɗaya da ba na asibiti ba don a ga faɗin tunanina, misali yadda mata masu turara shinkafa a Argungu suke fama da itace da hayaƙi, in riƙa zanen hannu na minti ashirin kullum a littafi, ina bin takardar sakamako a gefe. Zuwa Agusta mai zuwa sa'o'in Chevening sun taru, kundin ya yi nauyi. Idan kin haɗa shafuka goma na farko, ki nuna wa shugabar sashenku da ɗaya daga matan da kika yi hira da su kafin ki nuna wa irina, su ne za su fara gane inda kika ƙara gishiri. Allah Ya ba da sa'a.